Sirrin lambar waya: Hanyoyin da take bi ta faɗa hannun waɗanda ba a ba su ba

Lambar wayar hannu a Najeriya alƙaluma 11 ce kacal, amma abin da ke rataye a jikinta ya wuce kira da amsawa. Da ita ake buɗe asusun banki, ta kanta saƙon shigar kuɗi da fitarsu ke isowa, da ita ɗalibi ke fara rajistar jarrabawar JAMB, kuma ita ce shaidar mutum a WhatsApp. Duk da wannan nauyi, da wuya a sami mai layin da bai taɓa amsa kiran baƙon da ya ambaci cikakken sunansa ba, wani lokaci har da sana'arsa da bankin da yake ajiya. Yadda baƙon ya sami lambar ba tsafi ba ne. Hanyoyin sanannu ne, kuma akasarinsu ana iya ganin su da ido a kowace babbar kasuwa, ciki har da Kasuwar Muda Lawal da ke birnin Bauchi.

Yadda lamba ta zama mabuɗi

Lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan 2001, layi na da tsada ƙwarai, amma ba a tambayar mai saye sunansa ko adireshinsa. Globacom ya shigo a 2003, Etisalat a 2008, farashi ya faɗi, layi ya shiga hannun kowa. A 2011 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta wajabta rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. Girman muhimmancin da gwamnati ta ba wannan rajista ya fito fili a watan Oktoban 2015, lokacin da aka ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda ƙin yanke layuka fiye da miliyan 5 da ba su da cikakkiyar rajista, kafin a rage tarar zuwa naira biliyan 330 a 2016.

Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, ya ɗaure asusun ajiya da lambar waya. A watan Disambar 2020, a zamanin ministan sadarwa Isa Ali Ibrahim Pantami, aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. An hana layukan da ba a haɗa ba yin kira daga ranar 4 ga Afrilun 2022, aka kuma sanya 14 ga Satumbar 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Manufar ita ce a san mai kowane layi domin a iya bin sawun masu laifi. Sai dai tsarin ya zo da wani sakamako na daban: lambar da a da ba ta da alaƙa da komai, yanzu ita ce bakin zaren da ke kaiwa ga suna, hoto, ranar haihuwa da kuɗin mutum.

Kwalin da ke rataye a rumfa

Kasuwar Muda Lawal na cikin manyan kasuwannin birnin Bauchi, tare da Kasuwar Wunti da Babbar Kasuwa, kuma ta yi suna wajen kayan abinci: hatsi, doya, kayan gwari da 'ya'yan itatuwa, waɗanda ake saukewa daga ƙauyukan jihar da kuma jihohi irin su Filato da Binuwai. A irin wannan kasuwa lambar waya jari ce. Dillalin tumatir ba ya iya ɓoye lambarsa, domin kayan da aka sauke da asuba in suka kwana biyu ba a tashe su ba asara ce. Dole direba ya same shi, manomi ya same shi, mai ɗakin abinci ta same shi. Shawarar da ake yawan ba jama'a cewa kada su ba kowa lambarsu ba ta da ma'ana ga wanda abincinsa ke zuwa ta kiran baƙo.

Sauyin da ya fi tasiri ya faru ne a farkon 2023. Babban Banki, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, kuma daga Janairu zuwa Maris na 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a faɗin ƙasa. Ƙananan 'yan kasuwar da ba su taɓa karɓar taransifa ba, har da masu kasa tattasai da albasa a ƙasa, suka buɗe asusu a manhajojin kuɗi irin su OPay da PalmPay. Aka rubuta lambobin asusu a jikin kwali, aka rataye a rumfuna da baro da bakin shaguna. Al'adar ba ta gushe ba bayan takardun kuɗi sun dawo.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda ake samar da lambar asusun. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce. A waɗannan manhajoji, galibi lambar wayar mutum ce aka cire mata sifirin farko ta zama lambar asusunsa. Duk wanda ya kalli kwalin, ya ƙara sifiri a gaba, ya sami lambar wayar mai rumfa ke nan. In ya shigar da alƙaluman 10 a manhajar banki kamar zai tura kuɗi, tsarin zai nuna masa cikakken sunan mai asusun kafin ya tura ko sisi. An tanadi wannan nuni ne don kare mai turawa daga kuskure, kuma yana yin aikinsa. Amma ga ɗan damfara, kallo ɗaya ya ba shi abu huɗu: suna, lamba, wurin ajiyar kuɗi, da irin kasuwancin da mutum ke yi. Haka abin yake in an juya shi. Mai sayen da ya tura kuɗi daga irin wannan asusu, ko ya nuna rasit a fuskar wayarsa aka ɗauki hotonsa, yana iya barin sunansa da wani ɓangare na bayanansa a hannun wanda bai sani ba.

Wannan ya fi shafar mata 'yan kasuwa da 'yan mata masu jiran shago. Wanda a da zai nemi lamba a hana shi, yanzu kwafe ta yake yi daga kwali, ya kira da dare ya ce kuskure ne, ko kuwa wata ce ta ba shi. A gidajen aure da yawa, kiran namijin da ba a sani ba ya isa ya haifar da zargi, ko da matar ba ta san inda aka sami lambar ba.

Littattafan da ba su da makulli

Bayan kwali sai littafi. Masu POS da yawa suna ajiye littafin da suke rubuta sunan wanda ya cire kuɗi, adadin kuɗin da lambar wayarsa. Dalilinsu mai ƙarfi ne: in banki ya mayar da kuɗin, ko aka kawo ƙorafin cewa na sata ne, da wannan littafi za su kare kansu. Amma littafin kan kwana a kan tebur, yaran shago na canzawa, kuma wanda ya zo rubuta tasa lambar yana ganin na mutum ashirin da suka riga shi, kowace da adadin kuɗin da mai ita ya cira. Ɗaukar hoton shafi ɗaya ba ya cin daƙiƙa uku.

Mai sayar da kati da data ma haka. A da ana sayen kati a kankare, babu wanda ya san layin da za a sa wa. Yanzu faɗa wa mai sayarwa lamba ake yi da ƙarfi a cikin jama'a, ya tura kai tsaye, lambar ta zauna a wayarsa. A 2017 jaridar Hindustan Times ta Indiya ta ruwaito yadda wasu shagunan sa kati a jihar Uttar Pradesh ke sayar wa maza lambobin 'yan matan da suka zo saye, lamarin da ya sa wasu kamfanonin waya a ƙasar suka fito da hanyar sa kati ba tare da bayyana lamba ba. Tsarin cinikin da ya ba da wannan dama a can shi ne ake amfani da shi a nan.

Ga kuma tashar mota da ke maƙwabtaka da kasuwar. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ce kowace motar haya mai dogon zango ta cike takardar sunayen fasinjoji, da lambarsu da ta ɗan uwan da za a kira in wani abu ya faru. Takardar na yawo daga hannu zuwa hannu a cikin mota. Wanda ya kwafi layi ɗaya daga cikinta ya san sunan matafiyi, inda ya nufa, da lambar wanda hankalinsa zai fi tashi in aka ce ya yi haɗari. Damfarar da ake kiran iyaye a ce ɗansu na asibiti, a turo kuɗin jini da gaggawa, irin wannan bayani take buƙata.

Wurin mai caji da mai gyaran waya sun fi waɗannan haɗari, domin a can ba lambar kawai ake bari ba, har da layin kansa. Wanda ya zare layin da ba shi da makulli ya sa a wata waya na minti biyar yana iya danna *565*0# ya ga BVN, ko *346# ya ga NIN. Yawancin masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne da ke neman halak ɗinsu, kuma amana ce jarinsu. Amma rumfar da ke da wayoyi hamsin a jone da yaro ɗaya mai jira ba ta buƙatar mai ita ya zama ɓarawo kafin a yi ɓarna a cikinta.

Lambar da ke wayar wani

Hanya mafi faɗi ba ta bi ta hannun mai lambar ba ma. Duk wanda ya adana lambar wani a wayarsa ya zama mai riƙon amanarta, kuma manhajoji da yawa na neman izinin karanta jerin lambobin da ke waya. Truecaller, wadda Alan Mamedi da Nami Zarringhalam suka kafa a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2009, ta gina rumbunta ne a kan sunayen da masu amfani da ita suka bayar. Shi ya sa mutumin da bai taɓa riƙe babbar waya ba yake iya samun sunansa a ciki, kuma da laƙabin da wani ya adana shi: Alhaji mai doya, ko Hajiya mai adashi. Irin wannan laƙabi ya fi sunan yanka amfani ga ɗan damfara, domin ya gaya masa inda kuɗi suke. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ta sanar da buɗe bincike a kan manhajar a watan Satumbar 2019. Kamfanin yana da shafin da mutum zai nemi a cire lambarsa daga jerin da ake bincikawa.

Zaurukan WhatsApp ma ƙofa ce a buɗe. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, 'yan adashi, tsofaffin ɗalibai da kwamitocin biki duk suna da su, kuma a zaure na yau da kullum kowane mamba na ganin lambar kowa. In aka yaɗa mahaɗin shiga zaure a Facebook, wanda ba ɗan ƙungiya ba zai shigo, ya kwashe lambobi, ya karanta hirar kwana biyu ya san waye shugaba, waye ma'aji, yaushe ake taro. Daga nan sai kira: “Ranka ya daɗe, daga ƙungiya ne, taron yau ta intanet za a yi, an turo maka lamba shida, karanto mini in sa ka a ciki.” Alƙaluma shidan nan su ne WhatsApp ke turowa in ana son buɗe asusun mutum a wata waya. Wanda ya karanta su ya miƙa asusunsa, kuma kafin ya farga an aika wa abokan cinikinsa saƙon neman rance da sunansa.

Manhajojin ba da rance sun kai wannan al'amari matuƙa. Wanda ya karɓi bashin 'yan dubbai ya ba su izinin kwashe duk lambobin da ke wayarsa, in ya makara wajen biya sai a aika wa surukansa, malaminsa da abokan kasuwancinsa saƙon cewa ɓarawo ne. Waɗanda aka aika wa ba su ci bashi ba, ba su tsaya wa kowa ba, ba su ma san da maganar ba. A watan Agustan 2021 NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan keta sirri. A watan Maris na 2022 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin kamfanonin a Legas, daga baya ta fito da tsarin yi musu rajista. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa karanta lambobi da hotunan da ke waya. Waɗanda ake saukewa ta mahaɗin da aka turo a saƙo ba su shiga wannan hani ba.

Manyan rumbuna da fom na bogi

Akwai kuma asarar da ba ta da alaƙa da sakacin kowa a kasuwa. A watan Afrilun 2021 aka wallafa bayanan masu amfani da Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a wani dandalin masu kutse, ciki har da lambobin waya, kuma kimanin miliyan 9 daga cikinsu na 'yan Najeriya ne. Hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci kamfanin Meta tarar yuro miliyan 265 a kan lamarin a 2022. Tara ba ta dawo da abin da ya fita. Mutum na iya canza kalmar sirrinsa a minti ɗaya, amma ɗan kasuwar da ya shekara goma sha biyar da lamba ɗaya ba zai jefar da ita ba.

A cikin gida, a watan Maris na 2024 kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta ruwaito cewa wani shafi mai suna XpressVerify na sayar da bayanan NIN a kan naira 200. A watan Yunin shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta sayi bayanan wasu manyan jami'an gwamnati, ciki har da ministan sadarwa Bosun Tijani, daga wani shafin a kan naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an yi kutse a rumbunta, ta kuma gargaɗi jama'a game da shafukan da ba ta ba izini ba.

Fom na bogi ya fi kutse sauƙi. Duk lokacin da gwamnati ta sanar da tallafi, rance ko ɗaukar ma'aikata, sai mahaɗai masu kama da na hukuma su cika wayoyi, ana neman suna, lamba, NIN, BVN da ƙaramar hukuma. A kasuwanni kuwa da takarda da biro ake zagayawa, ana cewa ana rubuta sunayen waɗanda za a ba jari. Wasu na gaskiya ne, domin shirye-shirye irin su TraderMoni na 2018 sun yi rajistar 'yan kasuwa a rumfunansu. Wannan ne ya sa na ƙaryar ke samun shiga. Irin waɗannan jerin sunaye, da na gasar cin kyauta da na tarukan siyasa, su ne ke komawa hannun masu tura saƙon talla da na yaƙin neman zaɓe.

Kirdado da tsohon layi

Wani lokaci babu wanda ya ba da lambar. Bayan alƙaluma huɗun farko, kamar 0803 ko 0802 ko 0805, saura bakwai ne, wato kowane rukuni na ɗauke da lambobi miliyan 10. Kwamfuta na iya jero su ta aika wa dukkansu saƙo, wanda ya amsa ya tabbatar da cewa layinsa na raye. Irin wannan ne kiran da ke shigowa daga lambar ƙasar waje ya katse bayan ƙara ɗaya, wanda ake kira wangiri, kalmar Japananci. Wanda ya bi kiran ya faɗa layi mai tsada da ke cinye masa kati.

Sai kuma layin da aka sake sayarwa. Lambobi ba na mai layi ba ne har abada. In layi ya daɗe ba a amfani da shi, ƙa'idojin NCC sun ba kamfani damar dakatar da shi, daga bisani ya sayar wa wani. Alƙaluman hukumar sun nuna layukan da ke aiki sun ragu daga kimanin miliyan 219 a watan Maris na 2024 zuwa kimanin miliyan 154 a watan Satumba, bayan kammala haɗa layuka da NIN da tantance ƙididdigar kamfanoni. Wanda ya sayi irin wannan lamba kan gaji masu bin tsohon mai ita bashi da 'yan uwansa. Mafi muni, yakan gaji saƙonnin bankinsa, in tsohon mai layin bai je ya canza lambar da ke asusunsa ba.

Abin da lamba kaɗai ba ta iya yi

Ya kamata a bambanta tsakanin abin tsoro na gaskiya da jita-jita. Sanin lambar mutum ko amsa kiran baƙo ba ya kwashe kuɗi daga asusu, kuma labarin lambar da ke kashe wanda ya ɗaga ta, wanda kan dawo bayan 'yan shekaru, ba shi da tushe. Ɓarawo na buƙatar abu na biyu: lambar sirrin kati, alƙaluman da banki ke turowa don tabbatar da ciniki, ko layin kansa, ko dai ta sata ko ta yin walkam bak da sunan mai shi. Duk hirar da ɗan damfara ke yi, da sunan da ya ambata, da ranar haihuwar da ya karanto, tsani ne na kaiwa ga wannan abu na biyu.

Salon na sauyawa da irin wanda aka kira. Ma'aikaci, a ce masa daga banki ne za a rufe asusunsa. Ɗan kasuwa, a turo masa alat na bogi a loda kaya, ko a ce an turo masa kuɗi bisa kuskure ya taimaka ya mayar. A ƙasar Hausa akwai kuma masu kira da tsakar dare da sauyayyiyar murya su ce aljanu ne, su ambaci sunan mace da na 'ya'yanta, su nemi sadaka ta hanyar kati ko taransifa. Abin da ke girgiza wadda aka kira shi ne yadda aka san sunanta, alhali yana rubuce a wurare goma da ta manta.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu da hirarsu ta tarho. A kan wannan tushe NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sannan Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a a watan Yunin 2023. Dokar ta kafa hukumar NDPC, wadda Dokta Vincent Olatunji ke jagoranta. Ta ba mutum haƙƙin sanin bayanan da wata cibiya ke riƙe da su a kansa, ya nemi a gyara ko a goge, ya janye izinin da ya bayar, ya kuma ƙi a yi amfani da bayanansa wajen talla. Ta bayyana cewa shiru ba izini ba ne. Cibiyar da bayanai suka sulale daga hannunta ta yadda za su iya cutar da masu su dole ta sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan cibiyoyi na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa; ta ƙanana kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100.

An fara ganin haƙoran dokar a kan manya. A watan Agustan 2024 NDPC ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, wanda ya musanta aikata laifi. Wata guda kafin nan FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda Facebook da WhatsApp ke sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kuma kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025. Amma tazara tsakanin ofishin hukuma a Abuja da littafin mai POS a Bauchi mai nisa ce. Mai littafin na tattara bayanan jama'a don sana'a, don haka nauyin kiyaye su na kansa, ko da bai taɓa jin sunan dokar ba. A nan shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin masu POS sun fi kowace hukuma kusa da matsalar. Barazana da damfara ta waya kuwa suna ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma 'yan sanda da EFCC ne ke karɓar ƙorafinsu.

Game da saƙonnin talla, NCC ta samar da lambar 2442 tun watan Yulin 2016. Wanda ya aika kalmar STOP zuwa gare ta ya rufe tallace-tallacen da ke bi ta kamfanin layinsa, wanda ya aika HELP zai ga rukunan da zai zaɓa. Lambar 622 kuma ta kai ƙara ce kyauta, in kamfani ya kasa magance ƙorafi. Tsarin 2442 ba ya hana ɗan damfara ko mai naci kira daga layinsa na kansa.

Matakan da ke hannun mai layi

Ga wanda ke kasuwanci, abin da ya fi amfani shi ne raba layi biyu: na ciniki, wanda ake rubutawa a kwali kuma ake ba kowa, da na banki da iyali, wanda BVN ke kansa. Haka nan asusun da ake karɓar kuɗin ciniki ya fi kyau ya kasance mai lambar da ba ta waya ba, ko kuma a riƙa kwashe abin da ya taru a cikinsa kullum. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: asusun da lambarsa ke rataye a bainar jama'a ba wurin ajiye jari ba ne.

Sa wa layi makullin PIN na hana shi aiki a wata waya, sai dai a kula, kuskure sau uku na kulle shi har sai an kawo lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo a ciki. Zare layi kafin a miƙa waya ga mai gyara ko mai caji ya fi kowane makulli. A WhatsApp akwai tabbaci mai mataki biyu, da wurin taƙaita waɗanda za su iya sa mutum a zaure ko su ga hotonsa, da kuma, tun 2023, damar kashe ƙarar kiran baƙi. Danna ##002# na soke duk wata karkatar da kira da aka sa wa layi ba da sanin mai shi ba. Sa #31# a gaban lamba na ɓoye lambar mai kira daga fuskar wayar wanda aka kira, ko da yake kamfanin layi na ganin ta.

In layi ya ɗauke sabis haka kawai alhali na maƙwabta na aiki, wannan na iya zama alamar an yi walkam bak da shi, kuma banki ya kamata a fara sanarwa ya rufe asusu, sannan a nufi ofishin kamfanin layi da NIN. Wanda kuma ya yanke shawarar barin tsohuwar lamba, sai ya fara cire ta daga asusun banki, BVN, NIN da WhatsApp, tun layin na hannunsa yana iya karɓar saƙon tabbatarwa.